Dole ne sai na yi suna a TikTok kafin shagon ɗinkina ya girma?

"Assalamu alaikum Oga. Ni tela ne a Daura, shekara ukku kenan da maigidana ya yaye ni, ina ɗinkin maza, kaftani da 'yar shara, kuma ni nake fitar da dizayin ɗin wuya da kaina. Keke biyu gare ni da yaro ɗaya. Abokaina kullum sai su ce min yanzu in ba ka da mabiya a TikTok ko Instagram to ka haƙura da sana'a kawai. Na gwada wata takwas ina ɗora bidiyo, data ta cinye ni, mabiyan ko ɗari biyar ba su kai ba, kuma gaskiya ni ban iya surutu gaban kyamara ba. Akwai hanyar da shago zai girma ba sai mutum ya yi suna ba? Ga hotunan aikina nan na turo maka."

Wa alaikumus salam ƙanena, ka yi haƙuri na kwana biyu ban amsa ba, ankon wani biki ne ya riƙe ni. In na fahimce ka da kyau ba cewa kake za ka jefar da waya ba, tambayarka ita ce ko yin suna shi ne sharaɗin cin abinci a sana'ar nan tamu. To a'a, ba shi ba ne. Ni na haura shekara ashirin bisa keke nan cikin garin Katsina, ban taɓa tsayawa gaban kyamara na yi talla ba, kuma alhamdu lillahi shago na ci da ni da yara biyar. Amma kada ka ɗauka hanyar da zan faɗa maka ta 'yan hutu ce, wallahi ta wani wajen ta fi ɗora bidiyo wahala, don shi bidiyo in bai yi kyau ba gogewa kake ka sake, shi kau kwastoma in ka ɓata mashi shadda ba a gogewa.

Fara da lissafin kekenka

Abokan naka ba ƙarya suke ba gaba ɗaya, akwai teloli da waya ta ɗaga su, mun gani. Sai dai abin da suke gani shi ne yawan masu kallo, ba su ga littafin shago ba, wani lokacin kallon kitse ake wa rogo. Bari mu bar su mu dawo kanka. Keke biyu, kai da yaro ɗaya, kaftani nawa za ku iya fitarwa a sati in ana so aiki ya yi tsabta? Mu ce goma sha biyu, in an matsa sha biyar. A shekara, in ka cire ranakun rashin wuta da rashin lafiya da zuwa biki da jana'iza, bai fi ɗari shida ba. Yanzu ɗauki magidanci ɗaya mai ɗan rufin asiri, yana ɗinka kala huɗu ko biyar a shekara, ga yaranshi maza biyu ko ukku da za a yi wa na ƙaramar Sallah da babba, ka ga gida ɗaya ya kusa ba ka ɗinki goma. Kenan gida sittin zuwa tamanin in sun riƙe ka da gaske sun cika maka shago har ka rasa inda za ka sa wani. To mabiya dubu hamsin da kake wa kwaɗayi, da wane keken za ka ɗinka masu?

Wannan lissafin nake so ya zauna maka a kai tun kafin komai, don shi ne zai sauke maka wannan damuwar ta ɗari biyar. Mutum ɗari biyar ai sun fi ƙarfin shagonka in da masu kawo ɗinki ne. Matsalar ba yawansu ba ce, yawanci 'yan kallo ne, kuma rabinsu ma teloli ne 'yan'uwanka da suka zo ɗaukar dizayin.

Littafin awo

Ga aikin da zan ba ka, ka yi shi daren yau in ka rufe shago. Ɗauko littafin da kake rubuta awon mutane, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya tun daga ranar da ka buɗe, gefen kowane suna ka rubuta abu biyu: wa ya turo shi, kuma sau nawa ya dawo. Ni lokacin da na fara yin haka abin ya ba ni mamaki, na iske kusan shafi goma na littafin duk jijiyarsu ɗaya ce, wani bawan Allah ma'aikaci a sakatariya da na taɓa gyara wa wuyan riga kyauta saboda wani telan ya ɓata mashi. Shi ya kawo abokin ofis ɗinshi, abokin ya kawo surukinshi, surukin ya kawo ankon ɗanshi, haka abin ya yi ta tafiya, kuma mutumin nan ko sau ɗaya ban taɓa ce mashi ya yi min talla ba. Tun daga nan duk sabon kwastoma kafin in ɗora mashi tef sai na ce "Alhaji wa ya kwatanta maka nan?" in rubuta. Wanda na ga ya turo min mutum biyu ukku, in ya kawo nashi ɗinkin sai in yi wa ƙaramin ɗanshi kyauta ko in ƙi amsar kuɗin aikin wuya, ba na ma faɗin dalili, ya sani.

Kuma littafin nan ba awo kaɗai ake rubutawa ba. Ni ina rubuta wane ba ya son hannu mai maɓalli, wane yana son aljihu ya yi zurfi saboda waya biyu yake riƙewa, wane kafaɗarshi ta dama ta ɗan sauka, wane wando sama da idon sawu yake so. Ranar da mutum ya dawo bayan wata takwas ka ce mashi "aljihun nan a zurfafa kamar na wancan karon ko?" ka ga yadda fuskarshi za ta yi, wannan mutumin ya gama zuwa wajen wani tela.

Abin da ya ƙara tabbatar min da darajar littafin shi ne 2021. Ka tuna a watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, su Jibia, Batsari, Safana, Dutsin-Ma har Funtua, aka ɗauki watanni a haka. Ina da kwastomomi a Jibia da Batsari, ba kira ba saƙo. Ran nan ina zaune sai ga wani direba ya shigo da baƙar leda, shadda kala biyu a ciki da 'yar takarda an yago daga littafin makaranta, an rubuta "a yi min irin na bara, a ƙara inci ɗaya a ciki, na yi ƙiba." Na buɗe littafi na ga awonshi, na yanka, bayan kwana biyar direban ya biyo ya amsa ya miƙo min kuɗi a ƙulle da roba. A shekarar dai aka rufe Twitter a Najeriya daga Yuni har zuwa Janairun 2022, kuma ran 4 ga Oktoba Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. Na san wani yaro mai ɗinki da 'yan damfara suka kwace wa shafi, mabiyan da ya shekara biyu yana tarawa suka tafi a dare ɗaya, kuma ko lambar mutum ashirin daga cikinsu ba ya da ita. Shafi rumfar aro ce, mai ita na iya tashinka ba sallama.

Maganar alkawari

Nan ne zan daɗe, don nan ne kasuwar take. Kai ma ka san sunan da muka yi, in ana misalin saɓa alkawari a ƙasar Hausa tela ake fara kira, kuma mu muka ja wa kanmu. To ka juya abin ka gani: tunda kowa ya saba tela zai ce Laraba ya bayar Asabar ta sama, ranar da aka samu wanda ya ce Laraba kuma Laraba aka iske kaya a goge a ninke cikin leda, labarinshi da kanshi yake yawo a majalisa. Ba ka biya kowa ba, ba ka sayi data ba.

Ni ma ba da wayo na koya ba. Wani azumi, ina da kamar shekarunka a sana'a, kwaɗayi ya sa duk wanda ya miƙo yadi sai in amsa, har ran 25 ga wata ina amsa. Daren Sallah muka kwana bisa keke, ido ya yi ja, yarona har ya ɗinke hannun riga a juye sai da aka farke. Bayan asuba wani magidanci da ya shekara huɗu yana kawo min ɗinki ya zo da yaranshi ukku sun yi wanka sun shafa mai, singileti kawai gare su suna jiran kaya. Na manyan biyu sun samu, na ƙaramin riga ce kawai, wandon ko yankawa ban yi ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya zauna bisa benci yaron na kuka ina ta fama, har muka fara jin mutane na wucewa zuwa idi, ya tashi ya ce "bar shi kawai", ya ɗauki yadin ya kama hannun yaron suka tafi. Bai sake dawowa ba, ƙannenshi biyu ma ba su sake ba, kuma har yau in muka haɗu a masallaci gaisawa muke lafiya lau amma ni na san abin da na yi. Kuɗin da na samu na ƙarin ɗinkin da na cusa a wannan azumin bai kai abin da gidan nan kaɗai ke kawo min a shekara ba.

Tun daga lokacin nake rufe amsar ɗinkin Sallah ran 10 ga azumi, in na ƙirga na ga ya cika ko ran 5 ne rufewa nake, ko wane ne kau ya zo. Za a ji haushinka, wani zai ce ka fara girman kai, amma baɗi shi zai fara kawowa tun Sha'aban. Kuma in na ga aiki zai ɗauki kwana biyar sai in ce bakwai. In wani abu ya gitta, ni nake kira tun kafin ranar, ba na bari mutum ya ƙona mai ya zo ya iske ban ida ba, balle a ɓuya a ce wa yaro ya ce Oga ya fita. Yanzu ka yi tunani, a ce bidiyonka ɗaya ya tashi ana saura sati ukku Sallah, oda ɗari ta shigo daga Kano da Abuja da Kaduna, kowa ya turo kuɗi, kai kuma keke biyu. Wannan ba arziki ba ne, ƙarshenta ko ka raba wa wasu teloli su yi maka aikin da ba naka ba da sunanka, ko a yi ta yawo da hotonka ana cewa ka ci kuɗin mutane.

Kuɗi

Teloli da yawa ba rashin kwastoma ke kashe su ba, aiki suke ba dare ba rana amma ba su san nawa kaftani ɗaya ke ci masu ba. Zauna ka lissafa zare, maɓalli, abin da ake mannawa a wuya ya tsaya, kuɗin aikin kwamfuta, wato adon wuya da inji ke ɗinkawa, in ka kai waje, guga, leda, man janareto, kason haya, kason yaro, sannan ladan hannunka, wanda yawancinmu mantawa muke da shi kamar mu ba mutane ba ne. Da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa, amma na san waɗanda suka kusa shekara suna amsar tsohon farashi saboda kunyar kwastoma, suna ɗinki suna cin jarinsu. In za ka ƙara kuɗi ka faɗa tun ranar da aka kawo yadi, kada sai an zo amsa. Wanda zai gudu saboda ƙarin ɗari biyar da ma ba naka ba ne.

Kafin alƙalami dole ne, rabi ko abin da zai sayi kayan aiki, in anko ne kau ba na sa almakashi sai an ba da kashi biyu cikin ukku, don abokan ango in biki ya wuce nemansu sai an sha wuya. Kuɗin shago daban na aljihu daban, ka buɗe asusu na shago ko da Opay ko Moniepoint ne, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka duk sati. Bashin 'yan'uwa da abokai kuma, hmm, wannan kowa da yadda zai iya da nashi, ni dai na gwammace in ce wa mutum wannan kala ɗaya kyauta na yi maka da in rubuta bashin da na san ba za a biya ba mu zo muna ɓuyar juna.

Sai ka san shekararka. Azumi da kafin babbar Sallah kuɗi na shigowa kamar ba za su ƙare ba, bayan nan sai shago ya yi tsit, musamman da damina lokacin da kowa kuɗinshi na gona. Ku a Daura ma kun fi mu, kuna da Sallar Gani a watan Mauludi, kaka ta ukku kenan. Abin da aka samu a kaka shi ake ci da rani, don haka ni adashi nake zubawa mai nauyi a watannin aiki in ɗauka lokacin da ba aiki. Watannin shiru kuma su ne na neman yunifom ɗin makarantu kafin a dawo daga hutu a Satumba, da kayan saukar Islamiyya, ba aikin burgewa ba ne amma yana biyan haya yana riƙe maka yaro kada ya gudu acaba. Kuma don Allah kada ka ci bashi ka sayi injin aikin kwamfuta don ka ga wani ya saya, ka ci gaba da kai wa masu shi kana biya har ranar da littafinka ya nuna kuɗin da kake kai masu a wata ya isa ya riƙe injin da wutar da zai sha. Rajistar sunan shago a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana da amfani in ka fara neman aikin makaranta ko ma'aikata, don za su nemi takarda da asusu mai sunan shago. SMEDAN ma, hukumar tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ka yi rajista ba laifi, gwamnanmu Dikko Radda ai can ya shugabanta kafin 2023, amma kada ka zauna jiran tallafi, in ya zo ƙari ne.

Inda tallarka take

Ranar Juma'a in mutum ya sa kaftaninka ya shiga sahu, na bayanshi minti nawa yake yi yana kallon wuyan rigar da kafaɗa? Wajen ɗaurin aure fa? To ka sa a buga maka ɗan ƙyalle mai sunan shago da lambar waya ka riƙa ɗinkawa ta cikin wuya, don in an ce "wa ya yi maka?" ba sai ya tsaya kwatance ba. Sannan ka kama mutanen da kwastoma ke bi ta wajensu kafin ya iso gare ka: mai sayar da shadda da yadi, mai bugu, mai hula, mai wanki da guga. Mai shadda kullum ana tambayarshi "ina tela mai kyau?" Ka ɗinka mashi kala ɗaya mai kyau kyauta ya riƙa sawa a rumfa, kai ma in an tambaye ka yadi ka tura wajenshi. Kuma kai da ke kusa da Mai'adua da Kwangwalam, mutanen Nijar na shigowa cin kasuwa kuma suna son ɗinkin wajenmu, mutum ɗaya daga Damagaram in ya ji daɗinka zai iya zuwa maka da yadin mutum biyar. Sai dai kada ka jingina shago kacokan a kansu, ka ga yadda aka rufe boda a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin can.

Waya kuma ban ce ka aje ta ba. WhatsApp ya ishe ka, ka sa kowane kwastoma ya yi sebin ɗin lambarka kai ma ka yi tashi, in ka ida aiki mai kyau ka rataya shi inda haske yake ka ɗauka ka sa a sitatus, ba magana ba kiɗa ba rawa. Mutum tamanin da suka san ka suka gani sun fi maka dubu goma da ba su san hanyar Daura ba. Cikin Rajab ka bi su da saƙo ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunanshi, ka gaishe shi ka ce azumi ya matso a kawo da wuri. Dizayin ɗinka kuma za a kwafa, wannan ka sa a ranka, mai injin kwamfuta hoto ɗaya ya ishe shi ya fitar da irinshi gobe. Shi ya sa ni sabon wuya ba na sa shi a waya sai tsofaffin kwastomomina sun sa shi sun yi Sallah da shi, sai ya zama su ma suna jin akwai abin da suke samu wajena da ba a samu a ko'ina.

Inda maganata ta tsaya

Duk wannan da na faɗa na mai ɗinkin awo ne, wanda mutum ke dawowa wajenshi shekara da shekaru. In niyyarka nan gaba ka koma ɗinka kaya ka aje ana saye, kana aikawa Abuja da Legas wajen mutanen da ba su taɓa ganinka ba, to nan kam sai da talla a intanet, kuma gara ka biya wanda ya iya ya riƙe maka wannan ɓangaren kai ka tsaya bisa keke, don yin bidiyo sana'a ce mai zaman kanta da ke cin yini guda. Haka matan da ke sana'a cikin gida ba su da majalisa ba su da rumfa, su waya ta yi masu rana sosai, ba zan ce su bari ba. Kuma hanyar nan tawa a hankali take tafiya, kana iya shekara biyu kafin ka ga bambanci na sosai, ga shi gari kamar Daura akwai inda farashi zai kai mutane su ce ya isa, komai kyan hannunka. In ka kai nan sai dai ka ƙara keke ka koyar da yara, wanda shi ma wani karatun ne daban, don ranar da yaro ya fara yanka a madadinka sunanka na hannunshi.

Hotunan da ka turo na duba su. Aikin wuyan nan na ruwan toka ya yi kyau ƙwarai, hannunka na da tsabta kuma ba ka cika tarkace ba, ka riƙe wannan. Amma dubi farar shaddar, ɗinkin kafaɗa ya zamo gaba kusan rabin inci kuma aljihun ƙirji ya ɗan karkace hagu, ina jin yaronka ne ya ɗora shi ba a sa alli ba. Mai rigar ba lallai ya iya faɗin abin da ke damunshi da ita ba, zai dai ji ba ta zauna mashi ba. In ka shigo Katsina sayen zare ka biyo da ita shago in nuna maka yadda nake fitar da kafaɗa, ka zo da littafin awon naka ma mu duba tare.